Tambayoyinku: Sinkin kicin ɗina ya daina shan ruwa

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Tunda sanyin nan ya shigo sinkin kicin ɗina baya tafiya, ruwa sai ya kwanta kusan minti goma kafin ya zurare, ga wani wari da ke tasowa da asuba. Maƙociyata ta ce in zuba soda irin ta yin sabulu, na zuba har sau biyu, bayan kwana uku ya koma gidan jiya. Maigida ya ce wai shinkafa nake zubawa a ciki, wallahi ba na zubawa. Daga wata uwargida, Kano.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa. Ki ce wa maigida ya sassauta, ni manja na fi zargi ba shinkafa ba. Ai kin ga yadda yake daskarewa a kwalba da hunturu sai kin ajiye shi a rana ko gefen murhu kafin ya zubo, to haka yake yi a cikin fayif, ruwan wanke-wanke mai ɗumi ya tafi da shi a narke, yana yin gaba kaɗan ya huce ya manne a jikin bututu, kitsen miya ma haka. Sai yashi ko tokar da aka goge gindin tukunya su zo su liƙe a kai, ganyen shayi ya biyo baya, bututun sinki kuwa yawanci inci ɗaya da rabi ne kacal.

Soda kuma ki bar ta haka. Da me ake yin sabulu? Soda da mai. Idan ta kwanta a kan manjan nan ba ta samu hanya ta wuce ba, tana iya mayar miki da shi dunƙulen sabulu mai tauri a cikin fayif, ga ta da ƙona fata, in ta fantsama a ido kuwa sai asibiti. Kuma dan Allah kar ki taɓa haɗa Hypo da ruwan wankin masai mai asid, iskar da ke fita guba ce, tana shaƙe mutum.

Ki leƙa ƙarƙashin sinkin za ki ga inda bututun ya lanƙwashe kamar gwiwa, wani kuma kamar 'yar kwalba. Sa safar hannu tunda kin riga kin zuba soda, tara bokiti, ki warware shi, da hannu ma yana kwancewa. Abin da zai fito ba kyan gani, ni a nawa har cokalin shayi da ledar maggi na taɓa cirowa cikin wani baƙin maiƙo kamar kwalta. Ki wanke da tsohon buroshi ki mayar ki ɗaure sosai. Ruwan da ke zama a gwiwar nan shi ke tare wari da kyankyasai, kar wani ya ce miki a cire ta a sa miƙaƙƙen fayif.

Daga nan duk sati ki zuba ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, mai zafi dai ba tafasasshe ba, don fayif ɗin roba yana laushi. Tukunyar miya ki fara kwashe maiƙon da takarda ki jefa a shara kafin ta ga ruwa, ki sayi 'yar ragar nan ta bakin sinki. In duk kin yi bai tafi ba to toshewar tana can gaba wajen chamba, wato ramin nan mai murfi da bututun ruwan datti ke haɗuwa a waje, ko kuma tun farko ba a ba fayif ɗin gangara ba, wannan aikin filamba ne.

Tambaya: Anti, gidanmu na gargajiya ne, duk damina rariyar tsakar gida sai ta toshe ruwa ya shigo mana ɗaki. Daga wani magidanci, Zariya.

Amsa: Malam, ledar fiya wata ce da ƙasar shara, musamman in ana share tsakar gida ana turawa bakin rariya. A kafa ragar waya a bakinta ta ciki, a riƙa kwashe abin da ta tare. Sannan ku haɗu da maƙwabta ku yashe kwatar waje tun watan Mayu kafin ruwa ya kankama, don in kwata ta cika rariyarka ba inda za ta zubar. Abin da kuka yaso kuma a kwashe shi a baro a kai bola, in aka tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi ciki.