Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda a jirgi?

Ɗan'uwa, ka tambayi nisan tafiyar Umararka daga Kano zuwa Jidda. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz kusan kilomita 3,400 ne. In jirgin bai ya da zango ba, awa huɗu da rabi zuwa biyar ne. Sai dai tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, jirage kan kauce wa sararin samaniyarta, tafiyar ta ƙara tsawo.

Agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, kada lokacin da ke kan tikiti ya ruɗe ka. In Makka za ka fara, ɗaura haraminka tun a Kano, domin kana sama za a sanar da miƙati, wato iyakar da ake ɗaukar niyyar Umara. Allah ya karɓa.