Zauren taron unguwa da ba zai dogara da janareto ba

Malam, ka ce ƙungiyarku ta samu fili a Rigasa, kuna son zauren taro mai sanyi wanda kuɗin mai ba zai cinye asusunku ba. Na taɓa shiga kwamitin irin wannan gini.

Ku fara da fuskar ginin. Dogayen bango su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma, don ranar la'asar a watan Maris ba ta da tausayi. Tagogi su fuskanci juna iska ta ratsa, a bar ƙananan kafofi can sama inda zafi ke taruwa.

Bulon jan ƙasa da ake matsewa da inji, da ɗan siminti a ciki, ya fi bulon siminti riƙe sanyi. Masu raina ƙasa su je Masallacin Juma'a na Zariya su ga aikin Babban Gwani tun wajen 1830. Sai dai ƙasa ba ta shiri da ruwa, daminar Kaduna kuwa tana kai wata shida. A ɗaga tushe da dutse ko kankare, rufin ya zarce bango sosai.

Kuskurenmu a ginin da na shiga kwamitinsa shi ne kwano ƙasa-ƙasa ba silin. Da azahar kowa ya koma gindin bishiya.

Ku sa indararo da tanki: kowace murabba'in mita ta rufi tana tara lita 1,000 ko fiye a shekara.

Faɗin rufi da gwajin ƙasa ba aikin magini kaɗai ba ne. Ku nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi ta Najeriya, ku karɓi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, kafin haƙa tushe.