Ga ƙanenmu da ya shigo Kano da mashin: ina za ka kafe shi?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka cewa ka baro garinku ka dawo wurin maigidanka a Kantin Kwari, ka taho da mashin ɗinka, kana son sanin ko akwai doka a kan inda ake ajiye babur a cikin gari, tunda a can gida duk inda ka ga inuwa nan kake kafewa. Wasu sun ce maka ka dai kiyayi 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, suka wuce. Gaskiya suka faɗa, amma zancen ya fi haka tsawo. Ni kai kaya ne sana'ata, daga kasuwa zuwa tasha, daga tasha zuwa shagunan unguwa, a kan mashin na yi furfura a garin nan, don haka ka yi haƙuri in ɗan ja.

Doka kam akwai ta. Duk inda aka hana mota tsayawa, mashin ma an hana shi, ƙanƙantarsa ba ta fitar da shi ba. Kan gada da bakin hawanta, cikin shataletale, kan kwana, dab da mahaɗa ko danja, bakin ƙofar shigar mutane, da duk wurin da aka kafa allon hana tsayawa. Wannan yana cikin ƙa'idojin hanya na ƙasa baki ɗaya. A Kano waɗanda za ka fi cin karo da su a kai su ne KAROTA, masu rigar nan ruwan ɗorawa, hukumar da aka kafa a 2012 zamanin Kwankwaso. Abin da suke kira tare hanya yana da faɗi: ko tayarka ta baya kaɗai ce ta hau kwalta a wuri mai cunkoso irin su Bata, 'Yankura ko titin IBB, ka shiga ciki.

Sai dai abin da zai fi yi maka amfani ba a rubuce yake ba. A titunan da za ka riƙa bi, ba za ka tarar an ja layi an ce nan na babura ne ba. Saboda haka a garin nan ba a wuri ake barin mashin ba, a hannun mutum ake barinsa. In ka tsaya, kada ka tambayi kanka ko wurin nan ya halatta. Tambayi kanka, in na dawo ban gan shi ba, wa zan riƙe? In babu amsa, tayar da abinka ka ƙara gaba.

A bakin kowace babbar kasuwa, Kwari, Singa, Sabon Gari, Ƙofar Wambai, Farm Centre, akwai masu gadin mashina. Za ka gane wurin daga nesa: babura jere reras hannu na gogar hannu, an ɗora wa wasu kwali a kujera saboda rana, ga wani saurayi da damin kati a hannu yana ta ja da turawa. Kati biyu ne masu lamba ɗaya, ya maƙala ɗaya a jikin mashin, ya miƙo maka ɗaya. Wasu da alli suke rubuta lambar a kan kujera. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, N100 ko N200 gwargwadon wuri da daɗewarka. Na sha ganin wanda ya ƙi biyan wannan ya kafe a bakin titi, ya dawo yana bin mota da gudu an ɗora mashin ɗinsa a baya. Wanda ya ƙi sharar masallaci ai zai yi ta kasuwa.

Akwai ƙananan abubuwa a wurin masu gadin nan da baƙo ba ya sani. Da yawansu za su ce kada ka kulle wuya, domin suna matsar da mashina in na ciki zai fita. Kada ka yi musu, al'adar wurin ce, amma mukulli ya tafi da kai. Katin kuma aljihu ake sa shi, ba a barinsa a aljihun mashin ko a saƙale a hular kwano, domin duk wanda ya zo da kati shi ne mai mashin a wurinsu. Ka tambayi lokacin tashinsu tun kafin ka juya baya. Kasuwa tana watsewa wajen magariba, in ka yi dare za ka tarar ko an tura shi wani lungu an kulle, ko an bar maka shi shi kaɗai a fili. Kuma ba duk mai riƙe da kati ne mai gadi ba. Ranar farko ka tambayi mai shagon da ke kusa, "Baba, yaron nan na nan ne?" In ya ce shekara da shekaru yana nan, shi ke nan. Gara ma ka roƙi maigidanka ya haɗa ka da wanda yaran shagonku suke ajiyewa wurinsa, ka zama ɗan gida. Ɗan gida ko katinsa ya faɗi an san fuskarsa.

Cikin layukan kasuwa kuwa, ko ka ga wasu sun shigar, kai kada ka shigar ka kafe. Masu kura da 'yan dako ba za su raga maka ba, shugabannin layi ma haka, kuma suna da hujja. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ya san abin da toshe hanya yake nufi ranar da motar kashe gobara take neman wurin wucewa.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne yadda ake zabura in ka tsaya kusa da ofishin 'yan sanda, bariki, kotu ko wani ginin gwamnati. Ba wulaƙanci ba ne, tarihi ne. Bayan hare-haren da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, mun yi zamanin da mutum yake sauka ya tura mashin ɗinsa da hannu a duk shingen bincike. A Janairun 2013 aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, kwanaki kaɗan bayan nan gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a kan babur, acaɓa ta mutu a cikin birni, adaidaita sahu ta gaje ta. Gari ya lafa tuni, alhamdu lillahi, amma mashin da aka kafe aka tafi a jikin irin waɗannan katangu har yau ba a yi masa kallon alheri. In kana da hulɗa a ciki, tambayi na bakin ƙofa inda ake ajiyewa, ya nuna maka da hannunsa.

To, jami'i in ya ɗauka ka san inda za ka same shi. Ɓarawo shi ne babbar dokar da nake so ka ji tsoro. Ba a kasuwa ya fi yin aiki ba, ya fi son wurin da hankalin mutum ya tafi wani waje: ƙofar asibiti, gidan biki, wurin zaman makoki, gidan kallon ƙwallo, da masallaci. Ranar Juma'a jira yake liman ya tayar da kabbara, sahu ya rufe, kowa ya fuskanci gabas. Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo bayan an sallame, yana tsaye da dardumarsa a kafaɗa da mukulli a hannu, yana duban tabon man da mashin ɗinsa ya ɗiga a ƙasa, yana ta maimaita cewa ai ya kulle wuya. Makullin wuya ba ya tsayar da wanda ya san aikinsa. A masallacin Juma'a nemi inda 'yan agaji suke tsaye ka ajiye a gabansu. A sauran wurare sarƙa da kwaɗo mai kauri, ka zura ta cikin tayar baya ka haɗa da ƙarfe ko turken da ba ya ɗaguwa, domin in taya kaɗai ka ɗaure, mutum biyu sun isa su cicciɓa su jefa a mota. Ka sa bakanike ya yi maka ɓoyayyen makunni da kai kaɗai ka san inda yake. In da hali ka sa tiraka, na'urar da take nuna inda mashin yake. Sannan kalmar nan ta "minti biyu zan yi", a bakin mai POS ko kantin magani, ita ta raba mutane da yawa da mashinansu.

In kuma ƙaddara ta sa jami'ai sun kama mashin ɗinka, kada ka riƙe hannun mashin ana ja kana ja, kada ka ɗaga murya. Laifin tsayawa ƙarami ne, na rigima da jami'i shi ne babba. Sauke kayanka, tambayi ofishin da za a kai shi, ka bi sawu a ranar, kada ka bari ya kwana biyu rana da ruwa suna dukansa. Abin da aka yanka maka ka biya, ka karɓi rasit ka adana. A nan ne takardu suke rana. Rasidin saye mai ɗauke da lambar inji, takardun lamba, inshora, da lasisin tuƙi, wanda na babur rukunin A ne. Mashinan da suke daɗewa a tsare galibi ba don girman laifi ba ne, masu su ne ba su da abin nunawa. In na hannu ka saya, ka tabbata akwai takardar ciniki da sa hannun shaidu. Ka ɗauki hoton komai a waya, na asali ka bar su a gida, kwafi ya riƙa yawo da kai.

Ka ce wataƙila a riƙa aikenka wasu garuruwa. Kada ka ɗauki abin da ka saba a Kano ka tafi da shi. Kaduna suna da tasu hukumar, KASTLEA. Abuja tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, Legas kuma a watan Yunin 2022 ta hana a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, kuma duka biyun an sha nuna yadda ake murƙushe baburan da aka kama. A can kafin ka yi maganar inda za ka kafe, sai ka fara tambayar ko an yarda ka hau titin ma.

Saura wurin kwana. Kada ka bar shi a ƙofar gida don ka ga unguwar shiru. Shigar da shi zaure ko tsakar gida, ko da sai an sa katako a dokin ƙofa, kuma a cikin ma ka sa sarƙa. In gidan haya ne mai ƙunci, unguwanni da yawa akwai mai gadin layi ko gareji da ake biya duk wata. Faɗa mana unguwar da kake kwana, na san ba za a rasa wanda yake kusa da kai a cikinmu ba da zai nuna maka na wajenku.