Tambaya da Amsa: Na'urar Kiran Bidiyo ta Gida Ta Ƙi Shiga Taron Kamfani

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni wakili ne na wani kamfanin sayen riɗi a nan Garwa, ofishinsa yana Duwala, masu sayen kuma suna Faransa. Ƙanena ya kawo mini tsarabar wata na'ura daga Dubai, mai kyamara da lasifika, wadda ake ɗorawa a kan talabijin, kuma da ita muke gaisawa da 'yan uwa ta WhatsApp lafiya ƙalau. Yanzu kamfani ya ce in riƙa halartar taron kowace Litinin, aka turo mini wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo da alamar @ a tsakiya, aka ce in kira. Na duba ko'ina a na'urar ban ga inda zan rubuta su ba. Wani mai gyaran waya ya ce sai na sayi sabuwa, wani kuma ya ce laifin intanet ɗina ne. Wane ne ya faɗi daidai? Daga wani ɗan kasuwa, Garwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. A cikin su biyun babu wanda ya gano inda gizo yake saƙar, don haka kada ka yi gaggawar fitar da kuɗinka. Na'urarka lafiyarta lau, intanet ɗin da ya ɗauki hirarka da 'yan uwa kuma zai iya ɗaukar taro. Abin da ya raba ku da kamfani shi ne harshe. Ka san yadda ake yi a kasuwar Garwa idan Balaraben Shuwa ya haɗu da mutumin kudu da ba ya jin komai sai Faransanci: kowa bakinsa da kunnensa garau, amma ciniki ba zai faɗa ba sai an nemo tafinta.

Lambobin da aka turo maka adireshi ne na na'urar ɗakin taro, irin waɗanda Polycom da Cisco da Tandberg suka cika ofisoshi da su. Tandberg kamfanin Norwe ne, Cisco ta saye shi a 2010. Waɗannan na'urori da harsuna biyu suke magana. Na farko shi ne H.323, wanda Hukumar Sadarwa ta Duniya da ke Janiba ta fitar a 1996, na biyu kuma SIP, wanda aka wallafa a 1999 aka sake tsara shi a 2002. Duk na'urar da ta iya ɗaya daga cikinsu tana iya kiran 'yar uwarta mai jin wannan harshen ko da ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. WhatsApp kuwa gida ne mai ƙofa ɗaya, ba ya kiran kowa sai wani mai WhatsApp, sannan yana kulle murya da hoto tun daga bakin mai magana har zuwa kunnen mai sauraro, ta yadda babu wata na'ura ta uku da za ta zauna a tsakiya ta fassara. Wannan kullewa alheri ce ga sirrin iyali, amma ita ce ta sa babu wata waya ko manhaja da za ka saya ta haɗa na'urarka da ɗakin taron Duwala kai tsaye.

Tafintan yana nan, sai dai a ɓangaren kamfani ake ɗaukarsa, kuma su ne suke biyansa. Zoom yana sayar da lasisi na musamman da ke bai wa na'urorin H.323 da SIP damar shiga taronsa. Microsoft Teams ba ya karɓarsu da kansa, sai ta hannun abokan hulɗa irin su Pexip da Cisco, haka ma Google Meet ta hannun Pexip yake bi, Webex kuwa, da yake na Cisco ne, yana karɓar kiran SIP. A duk waɗannan hanyoyi tsarin ɗaya ne: ana buɗe taron a intanet, na'urar ɗakin Duwala ta shigo da nata harshe, kai kuma ka shigo daga Garwa da wayarka ko kwamfutarka. Tunda kamfanin yana zama da mutanen Faransa kowane mako, zato mafi ƙarfi shi ne yana da ɗaya daga cikin waɗannan tun tuni, wanda ya aiko maka saƙo ne kawai ya kwafo layin da aka tanadar wa ɗakunan taro ya bar naka. Ka rubuta wa mai kula da kwamfutocinsu cewa ba ka da na'urar SIP ko H.323, kana son mahaɗin shiga taro, abin da suke kira "lien" da Faransanci. Sau da yawa ana danna shi ne kawai ya buɗe a Chrome ko Edge ba tare da an sauke komai ba.

Idan mahaɗin ya zo, ka duba jerin manhajojin na'urarka, domin wasu irinta suna ɗauke da Zoom ko Teams. In babu, shawarata ita ce ka bar ta ga iyali, ka haɗa kwamfutar tafi-da-gidanka da talabijin ta wayar HDMI. Ni ko da na'urar ta iya ma kwamfutar zan zaɓa, saboda a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ruwan madatsar Lagdo yake ja baya wuta take ƙaranci, talabijin kan mutu nan take, kwamfuta da waya kuwa suna da batirin da zai kai ka ƙarshen taro. Ka kuma yi lissafin data: hoto mai kyau yana cin kimanin megabit 1.2 a daƙiƙa wajen fita da kwatankwacin haka wajen shigowa, wato kusan gigabait ɗaya a sa'a. In layi ya yi nauyi, ka kashe kyamara ka bar murya.

In kuwa ta tabbata kamfanin ba shi da lasisin komai, akwai manhajar Linphone, wadda kyauta ce kuma tana jin SIP, amma wataƙila sai sun buɗe maka asusu a tsarinsu, kuma ba abin mamaki ba ne murya ta wuce hoto ya tsaya. A gwada ta ranar Asabar, kada a jira safiyar Litinin.

Tambaya: Malam, na sayi tsohuwar na'urar ɗakin taro a gwanjo daga wani ofishi da ya tashi. Tana kunnuwa, amma babu wanda yake iya kirana a kanta. Daga wata malama, Njamena.

Amsa: Malama, taki matsalar akasin ta Alhaji ce, na'urar ta iya harshen, amma gidanki ba shi da lambar ƙofa. Intanet na layin salula yakan tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, don haka kiran da ya taso daga waje, wanda a H.323 yake neman ƙofa ta 1720, a SIP kuma ta 5060, ba ya sanin wa zai nufa. Ke ce za ki riƙa kira, ko kuma ƙungiyar da kike aiki da ita ta yi wa na'urar rajista a kan uwar garkenta, wato babbar kwamfutar da ke haɗa kiraye-kiraye, mai tsallake irin wannan shinge. Kafin komai, ki mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, ki sa sabuwar kalmar sirri, sannan ki kashe tsarin amsa kira da kanta, domin ofisoshi da yawa suna barinsa a kunne, kuma ranar da aka samar mata hanyar shigowa, duk wanda ya dace da adireshin zai ga falonki ya ji hirarku ba tare da kin ɗaga ba.