Tambaya da Amsa: An ce minti ashirin ne zuwa kan dutsen, in hau da yarana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mako mai zuwa za mu kai ziyara wani ƙauye da ke tsakiyar duwatsu, ni da maigidana da yaranmu biyu, mai shekara 10 da mai shekara 5. A saman ƙauyen akwai wani dutse da ake hawa a hango kwarin gaba ɗaya. Taswirar wayata ta nuna nisan kilomita 1.5 ne, hawan kuma mita 300. Wani saurayi mai kai baƙi ya ce wa maigidan minti ashirin ne, ko da silifa ana hawa, kuma in mun kai zai riƙe mu ɗaya bayan ɗaya mu yi hoto a bakin dutsen. Na ga hotunan wurin, babu shinge. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, shi kuma maigidan yana cewa tsorona ya yi yawa. Mun saba tafiyar ƙafa, amma ba da yara a irin wannan wuri ba. In je ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki je, ki kuma tafi da yaran. Hawan bai fi ƙarfinku ba tunda kun saba tafiya. Amma tsoronki yana kan hanya, kuma a cikin maganar saurayin nan akwai ɗaya da nake so a janye gaba ɗaya kafin ku bar masauki. Zan zo kanta.

Mu fara da lokaci. Lissafin da masu hawan dutse ke amfani da shi tun 1892, wanda William Naismith ɗan Sikotilan ya fitar, shi ne awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara minti 10 ga kowace mita 100 ta hawa. Naku ya kama minti 18 na nisa da minti 30 na hawa, jimla minti 48, kuma wannan na babban mutum ne lafiyayye da ba ya tsayawa. Da ɗan shekara 5 ki sa awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi. Mita 300 kusan bene hawa ɗari ne. Mai yiwuwa saurayin yana yi a minti ashirin, tunda kullum yana kai. Ku ba shi ba ne. Ki ware awa uku da rabi na zuwa da zama da dawowa, ku tashi da safe, ku kuma yanke lokacin juyowa tun kuna ƙasa, ko kun kai ko ba ku kai ba. Ƙauyen da ke cikin kwari rana kan ɓace masa bayan tsauni tun kafin lokacin faɗuwarta da waya ke nunawa, hanyar da ke cikin itatuwa kuma ita ce farkon yin duhu.

Silifa a'a. Kambas mai igiya da tafinsa ke da zane mai zurfi ya wadatar, a kife shi a duba, in ya suɗe kamar tafin hannu a bar shi a gida. Ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane babba, lita ɗaya ga yaro. Rigar da ke tare iska ga kowa, domin mutum na isa sama jiƙe da gumi, iska ta buge shi, cikin minti goma yaro ya fara kaɗuwa. Tocila ta gaske ban da ta waya, usur, bandeji mai naɗi, waya cike da caji. Duk a jakar goyo, hannuwa biyu su zama a sake. Doguwar riga ko mayafi mai faɗi a tattare a ɗaure, saboda iska da kuma takawa a gangara.

In hadari ya haɗo, kan dutse shi ne wuri mafi muni. Tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowane daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce. In kin ƙirga bai kai 30 ba, ku sauka nan take, kada ku fake ƙarƙashin itacen da ke tsaye shi kaɗai ko bakin kogo, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. In an kwana ana ruwa, ko hazo ya rufe saman, a ɗaga tafiyar.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna: wai zai riƙe ku ku yi hoto a baki. Wannan ita ce ƙaryar da ake ji kullum a irin waɗannan wurare, kuma masu faɗarta da zuciya ɗaya suke faɗa, shi ya sa ta fi haɗari. Hannun mutum ba ya tare faɗuwar mutum a bakin dutse. Wanda ƙasa ta kufce masa yana yin fiye da mita ɗaya a rabin daƙiƙa, kusan mita 5 a daƙiƙa ɗaya. Kafin mai riƙon ya gane abin da ya faru ya ƙara damƙa, kusan kwatan daƙiƙa ya wuce. Nauyin kuma ba a hankali yake zuwa ba, fizga ce, ta gefe, ga tafin hannu da gumi. Abu biyu ne ke faruwa: ko hannun ya suɓuce, ko mai riƙon ya bi. Shi ma ai a kan wannan ƙasar yake tsaye, babu abin da ya ɗaure shi. Ki gwada a gida, a kan siminti: maigidan ya tsaya ƙafa a haɗe ya miƙo hannu, ki riƙe ki zauna ƙasa ba zato. Za ki ga sai ya yi taku ɗaya ko biyu gaba kafin ya tsaya. A bakin dutse babu inda zai sa wannan takun.

Masu aikin ceto da ja-gororin da suka yi horo, in dole ta sa su kusanci baki, igiya suke ɗaurawa a ɗamarar ƙugu, ɗaya ƙarshen igiyar kuma a jikin ƙarfen da aka kafe a dutse ko ƙaton itace mai rai. Abin da ke riƙe mutum shi ne wannan ƙarfen ko itacen, ba ƙarfin dantse ba. In kuwa kika ga wani ya fito da igiya yana riƙe da ita a hannu, ko ya ɗaura ta a ƙugunsa da naki ba tare da ya ɗaura ta a jikin wani abu kafaffe ba, to ya haɗa ku ne ku tafi tare. Kowa ya haddace hanya yau sai ya kira kansa ja-gora. Sanin hanya daban, sanin abin da ƙasa za ta ɗauka daban.

Sannan bakin da ido ke gani ba shi ne bakin ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan bai sani ba. Yawancin irin waɗannan duwatsu ba a yanke suke tsaf kamar tebur ba. Samansu kamar bayan ƙwarya ne da aka kife: shimfiɗe a tsakiya, sai ya fara sunkuyawa kaɗan kaɗan, kowane taku ya fi na baya gangara, ba tare da an ga inda abin ya canja ba. Mutum yana matsawa don ya hango ƙasa, ƙasan kuma tana ƙara ɓuya, sai ya ƙara taku. A kan wannan gangaren ciyawa ce ko tsakuwa. Ciyawa mai raɓa ta fi dutse santsi, busasshiya da ta kwanta ma haka, tsakuwa a kan fa kuwa birgima take yi a ƙarƙashin takalmi. Wanda ya zame a nan ba ya samun abin kamawa, ciyawar ce ke tsugowa a hannunsa.

Ƙarshen kansa sau da yawa rufi ne kawai. Ruwa da iska suna rarake ƙarƙashi, saiwoyin ciyawa su riƙe 'yar ƙasar da ta rage a sama, kaurinta wani lokaci bai wuce taƙi ɗaya ba. Daga sama kore shar, kamar wurin shimfiɗa tabarma. Sai an koma gefe an leƙo ake ganin babu komai a ƙarƙashi. Alamun da za ki duba: tsaga a ƙasa da ta bi tsawon bakin, wurin da ciyawa ta ɗan zauna ta yi kamar matakala, ƙaramin itace da ya karkata waje saiwarsa a fili, da tabon dutse mai sabon launi inda wani ɓangare ya ɓalle kwanan nan. Duk abin da ke tsakanin tsagar da baki ya riga ya rabu da dutsen, lokaci kawai yake jira.

Za a ce miki dubban mutane sun tsaya a wurin ba abin da ya same su. To, kowane ruwan sama yana shiga tsagar ya ƙara buɗa ta, inda ake sanyi mai tsanani kuma ruwan ya daskare ya kumbura ya ƙara tsaga dutsen. Wurin da ya ɗauki mutum bara ba shi ne wurin bana ba. Za a kuma ce da akwai haɗari da hukuma ta sa shinge. Allon da ke nuna wurin kallo masu jawo baƙi ne suke kafawa, ba shaida ba ce cewa wani ya zo ya auna ƙasar. Sau da yawa sai an yi rashi ake tunawa da shinge, a kafa kwamiti, a yi shekara ana takarda. Inda ma akwai shi, iyaka yake nunawa, ba abin jingina ba ne, gindinsa na iya zama tsatsa zalla.

Akwai kuma masu cewa su ba sa jin jiri. Rashin jiri ba ya ƙara wa takalmi kamu. Mai tsoro ma ya fi tsira, don shi ba ya matsawa. Iska a bakin dutse ta fi ta hanya ƙarfi, saboda tana bugun fuskar dutsen ta taso sama, kuma zuwa take tana ɗaukewa. Mutum ya jingina da ita bai sani ba, ta ɗauke, sai ya tafi gaba. A ƙara da waya: ido na kan gilashi, baya na fuskantar rami, mai ɗaukar hoto na cewa a ɗan ƙara matsawa baya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Ga abin da za ku yi in kun kai. Tun kafin hanya ta fito fili, ku tsaya, ku kama yaran. Ki nemi inda ƙasa ta fara sunkuyawa, ba inda ta ƙare ba, ki ja baya mita 3 daga nan, wato manyan taku huɗu. In ƙasa na da danshi ko iska na kaɗa riga, mita 5. Ku jera jakunkuna a kan layin, a gaya wa yaran ba a tsallake jaka. Kallo a zaune ake yi. Kowane yaro da babba guda da aka ambata da suna, domin "muna kallonsu" na mutum biyu yakan zama ba wanda ke kallo. Ƙaramin a riƙe shi a wuyan hannu, ba a yatsu ba, kuma wannan riƙon yana da amfani ne don a nesa da baki ake yinsa, hana shi ruga wa ake yi. Kada a ɗora shi a wuya. Na shekara 10 shi ya fi buƙatar ido, don shi ne zai so ya nuna bajinta. In hula ko waya ta faɗi ta gangara, ta tafi ke nan. Hoto kuwa, mai ɗauka ya durƙusa ya sa kyamara ƙasa ƙasa, kwarin zai fito a bayanku kamar a baki kuke. Kada wanda ya jefa dutse don ya ji ƙararsa, akwai gidaje da masu tafiya a ƙasa. In ƙafa ta ture dutse ya gangara, a yi ihu da ƙarfi.

A saukowa aka fi faɗuwa, lokacin cinya ta gaji, hankali kuma ya riga ya koma masauki. Gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, babba a gaba ta ɓangaren gangara, yaro ta ɓangaren tudu. Kada a yanke kwana, 'yan hanyoyin da ke miƙewa ƙasa na ruwa ne da awaki, wasu a kan rami suke ƙarewa. In wani ya yi targaɗe ya kasa takawa, a naɗe, a rufe shi da riga, a kira taimako. Ki nemi lambar gaggawa ta ƙasar tun kafin ku tashi, a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, ki kuma gaya wa mai masauki lokacin da zai sa ran ganinku. In babu sabis, busa usur shida cikin minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a maimaita.

Shi kuma maigidan, Alhaji, a yi haƙuri, a kira saurayin tun yau a gaya masa hanya kawai ake so ya nuna, babu hoton baki, babu riƙo. In ya yi dariya ya ce ai kowa na yi, a nemi wani. Yaran nan amana ce a hannunku, kuma abin da suka ga babansu ya yi a kan dutsen shi za su yi ranar da suka hau da abokansu ba ku nan. In ka tsallake jakar don hoto ɗaya, kada ka yi mamaki in ka waiwaya ka ga ɗan shekara goman a bayanka.