Tambaya da Amsa: Me ya haɗa jami'a da 'yan kasuwa a neman wuta irin ta rana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji a rediyo cewa wani kamfani a Amurka yana gina na'urar da za ta samar da lantarki ta hanyar da rana take samar da zafinta, kuma an ce daga jami'a ya fito. Me ya sa masana za su miƙa bincikensu ga 'yan kasuwa?
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. A cikin rana, ƙwayoyin haidurojin ne suke haɗewa su zama hiliyam, haɗewar kuma ta saki makamashi mai yawa. Yin hakan a doron ƙasa yana buƙatar zafin da ya haura digiri miliyan 100, kuma tunda babu ƙarfen da zai jure shi, sai a riƙe iskar haidurojin mai zafin da maganaɗisu a cikin na'ura mai siffar zobe da ake kira tokamak.

Kamfanin da kika ji shi ne Commonwealth Fusion Systems, wanda ya fito daga jami'ar MIT a 2018. Shekara biyu kafin nan aka rufe na'urar tokamak ta jami'ar, mai suna Alcator C-Mod, saboda yankewar kuɗin gwamnati, alhali masanan sun gano cewa wata sabuwar waya mai ɗaukar lantarki ba tare da asara ba za ta ba da maganaɗisu mai ƙarfin da zai sa a ƙanƙanta na'urar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin katafariyar na'urar tokamak mai suna ITER da ƙasashe suka sa hannu a kanta a 2006 har yanzu gininta ake yi a kudancin Faransa.

Jami'a tana da ilimi da ɗalibai, amma ba ta da masana'anta ko jarin ƙera irin wannan maganaɗisu. Kamfanin mai na Italiya, Eni, wanda muka fi sani da Agip, ya zuba wa kamfanin Commonwealth dala miliyan 50 tun farko. A Satumban 2021 jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth suka gwada maganaɗisun ya kai tesla 20 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), kuma kafin shekarar ta ƙare masu zuba jari suka tara wa kamfanin dala biliyan 1.8, wadda ake gina na'urar tokamak ta gwaji mai suna SPARC da ita a Devens ta jihar Masachusets.

Abin da ni nake sa wa ido shi ne kada neman riba ya rufe ƙofar ilimi, don haka na ji daɗi ƙwarai da masanan suka wallafa lissafin SPARC a 2020 domin kowa ya tantance. Sai dai ki sani cewa har yau babu gidan da wannan fasaha ta haskaka. Tashar ARC mai megawat 400 da kamfanin ya ce zai gina a jihar Bajiniya sai farkon shekarun 2030 ake sa ran za ta fara aiki.