Abin da ya tsaga maka akushin ceri

Jiya ka miƙo mini akushin da ka fitar daga itacen ceri, bishiyar nan mai ƴaƴa ta ƙasashen sanyi, a injin da ke juya itace ana fere shi, ka ce, "Maigida, ranar da na sauke shi daga inji babu aibi ko ɗaya, bayan kwana huɗu ya dare daga baki har gindi. Ina na kuskure?" Na ga yadda ranka ya ɓaci, domin ka ba shi hutun makonka gaba ɗaya. Zauna, yarona, hannunka bai yi laifi ba. Ɗanyen itace ka ɗauka ka gama shi a zama ɗaya.

Kawo shi nan. Ka ga wannan ɗan ɗigon a bakin akushin, wanda zobba suka kewaye? Cibiyar bishiyar ke nan, kuma daga nan tsagar ta taso. Duba ɗaya gefen ma, za ka tarar da ƴar'uwarta ta fara buɗe baki. Itace idan yana bushewa tsukewa yake yi, amma ba daidai wa daida ba. Baƙin ceri na Amurka yana tsukewa wajen kashi 7 cikin 100 ta hanyar da zobban suka kewaya, ƙasa kaɗan da kashi 4 daga cibiya zuwa ɓawo, ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi. To, zobe yana son ya matse, cibiya ta tokare shi a tsakiya, ina zai je? Dole ya yage. Shi ya sa tun a kan gungume nake sa zarto sau biyu, hagu da dama da cibiyar, in zare wannan fallen na tsakiya in ajiye gefe. Rabi biyun da suka rage, kowane akushi ne.

Sai maganar bushewa, wadda ita ce ta fi cin mutane. Ka ɗauki itace kamar damin kara: ruwa ta bakin karan yake fita da sauri, ta gefe kuwa a hankali. A jikin akushi wurare biyu ne masu fuskantar juna bakin ya buɗe. Su suke riga sauran bushewa, su ja, sauran jikin bai shirya ba. Ceri, kamar sauran itatuwa masu ƴaƴa, ba ya da haƙuri a nan. Na taɓa barin gungume a rana daga hantsi zuwa la'asar ban shafe bakinsa da kaki ba, na dawo na iske tsaga kamar ƙafar kaza.

Saboda haka sau biyu ake hawa da shi inji. A hawan farko, yana ɗanye, ka fitar da siffar kawai, ka bar wa bangon kauri kashi ɗaya cikin goma na faɗin akushin. Mai faɗin inci 10, bango inci 1. Kaurin ya zama ɗaya daga baki har gindi, don gindi mai kauri yana riƙe ruwa bayan baki ya bushe. Ka shafe wuraren nan biyu da kaki, ka sa shi a jakar takarda tare da sassaƙen da ya zubo daga jikinsa, ka kai shi inuwa inda iska ba ta kaɗawa. Rubuta kwanan wata da nauyinsa a gindi da fensir. Kowane wata ka ɗora shi a sikeli. Ranar da nauyi ya daina raguwa, ya bushe, kuma yakan ɗauki wata shida zuwa shekara. Za ka same shi ya koma kamar ƙwai, bakinsa ya lanƙwashe. Kada gabanka ya faɗi, don wannan aka bar kaurin.

A hawa na biyu, fara gyara dunƙulen gindi da inji yake kamawa, shi ma ya karkace. Ka tayar da inji a hankali. Lissafin da nake bi shi ne faɗin akushi da inci, a ninka da yawan juyi a minti, ya faɗa tsakanin 6,000 da 9,000. Mai inci 10 ke nan juyi 600 zuwa 900. Garkuwar fuska kuma ba na son in sake tuna maka. Kurfin akushi, wato ƙarfen yankansa, za ka riƙe, mai zurfin kwari. Wancan faffaɗan da muke fere doguwar sanda da shi kada ya kusanci akushi, wutsiyarsa tana iya karyewa a hannunka.

Busasshen ceri yana da daɗin yanka, yana ba da fuska sumul, amma yana ƙonewa da wuri. Kurfi ya dakushe ko ka danne samfefa inji na gudu, sai ka ga baƙin zane da ba ya gogewa da sauƙi. Wasa bakin ƙarfe kafin yankan ƙarshe, ka rage gudu lokacin guga. Ƙananan baƙaƙen ɗigon ƙaro da za ka gani a jikinsa halittarsa ce, bar su.

Roƙona ɗaya, kada ka rina shi. Zai sauko da launi fari-fari mai ratsin ja, ka ga kamar bai yi ba. Shafa masa mai kawai ka ajiye inda haske yake. Cikin ƴan watanni zai rine da kansa ya yi ja mai duhu, farin gefen kusa da ɓawo ya tsaya yana haska shi. Ni abin da ya riƙe ni a kan wannan itacen ke nan tsawon shekarun nan.

Wannan da ya tsage kada ka yar. Gobe mu raba shi biyu da zarto, ina son ka ga kaurin gindinka da idonka. Ka taho da ragowar gungumen, amma ka shafe bakinsa da kaki tun daren yau.